Darasin Girki: Alkubus ɗin Sallah

Assalamu alaikum uwargida, amarya barka da gida. Tunda Sallah ta ƙarato, yau alkubus za mu turara. Na san da yawa suna jin tsoronsa, wai sai tsofaffin hannu. To ki kwantar da hankalinki, in dai kwaɓinki ya yi daidai, sauran aikin tururi ne zai yi miki.

Ga abin da ke gabana: garin alkama kofi 2, fulawa kofi 2, yis babban cokali 1, sukari babban cokali 1, gishiri ƙaramin cokali 1, sai man gyaɗa cokali 3. Alkamar nan tun shekaranjiya na tsince ta, na wanke, na shanya ta bushe sosai kafin na kai inji. In kika kai ta da danshi, garin zai dunƙule, ya yi saurin yin wari. Akwai masu yi da zallar alkama, ya fi ƙamshi kam, amma yana da nauyi, yara ba su cika so ba. Masu yi da zallar fulawa kuma, Allah ya ba su haƙuri, ni a wurina wannan burodi ne aka turara. Rabi da rabi shi ne nawa.

Na tankaɗe garin a roba, na zuba yis, sukari da gishiri, na juya. Yanzu ruwa. Mai ɗumi ake so, ki ɗiga a bayan hannunki. In ya ƙona ki, to zai kashe yis ɗin, ki yi ta jira kwaɓi bai tashi ba. Kaɗan-kaɗan nake zubawa. Wajen kofi 2 yake ci, wani lokacin da ɗan ƙari, domin alkama ta fi fulawa shan ruwa.

To ki duba nan da kyau. Na ɗebo da hannu na ɗaga, kin ga yana bin hannuna yana jan jiki, sai a hankali yake yankewa ya faɗa. Ya fi kwaɓin fanke kauri kaɗan, amma bai kai a murza shi a faranti ba. In ya tsinke yana zuba, alkubus zai fito a kwance, cikinsa da danƙo. In ya yi tauri kuma, ko miya ba za ta ratsa shi ba. Sai bugu. Ki sa mai, ki yi ta bugawa da tafin hannu har ki ji yana ɓal-ɓal, minti 5 zuwa 10. Hannu zai gaji, amma bugun nan shi ke ba shi danƙon da zai riƙe iska ya tashi.

Ki rufe, ki ajiye a wuri mai ɗumi. Lokacin zafi minti 40 ya isa, da hunturu yakan wuce awa 1. Kada ki tafi kitso ki bar shi, in ya wuce lokacinsa tsami zai yi.

Yauwa, ga namu ya ninka. Na ɗan sake bugawa iskar ta fita. Gwangwanayen madara ne nawa, na wanke, na shafe su da mai har gindi, don nan ne yake kamawa. Rabi kawai za ki zuba, ki bar masa wurin tashi. Ki bar su minti 10 kafin su hau wuta.

Ruwan madambaci ya riga ya tafasa. Wadda ba ta da madambaci, ki jera kara ko tsohon murfi a gindin tukunya, ki zuba ruwa ƙasa da shi, ki ɗora gwangwanayen, kada ruwan ya taɓa su. Ina naɗe murfin madambacin da tsumma mai tsabta, saboda gumin da ke ɗigowa shi ke sa saman alkubus ya jiƙe ya yi ramuka. Wuta matsakaiciya, minti 25 zuwa 30, kuma ban da leƙe a minti 15 na farko.

Bari mu gwada. Na soka tsinke a tsakiya, ya fito fes. Ki bari ya sha iska kaɗan, ki kife gwangwanin, da kansa zai sulluɓo. Kin ga na ɓara shi, ciki duk ƙofofi kamar soso, nan miya za ta shiga.

Miyar taushe ce abokiyarsa, da kabewa da alayyafo da gyaɗa, ki sa 'yar yakuwa don ɗan tsami. Wasu da miyar agushi suke ci. In baƙi da safe za su zo, ki turara da daddare, bayan an sauko daga Idi ki mayar da shi madambaci minti 5, zai dawo da laushinsa. Sai mun haɗu a darasi na gaba, a yi Sallah lafiya.