Hanji da galahanga: wanne ya jawo wanne?

Assalamu alaikum. Iyaye, malamai da ɗalibai, barkanmu da warhaka.

Tambayar da iyayen yara masu lalurar galahanga, wato autism, lalurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane, suka fi yi mini ita ce: "Likita, wannan firobayotik da ake tallatawa, yana warkarwa?" Firobayotik dai ƙwayoyin bakteriya ne masu rai da ake sha don su gyara hanji, dangin waɗanda ke sa madara ta zama kindirmo.

Tambayar tana da tushe. Yaran nan sun fi sauran yara fama da ciwon ciki, taurin bayan gida da gudawa. A wani bincike da aka wallafa a 2017, masu bincike a Jami'ar Jihar Arizona ta Amurka suka ɗauki yara 18 masu galahanga, suka ba su maganin kashe bakteriya mai suna vancomycin na mako biyu, suka wanke musu ciki, sannan suka dasa musu ƙwayoyin da aka tace daga bayan gidan masu lafiya. E, bayan gida na ce, ku daina yamutsa fuska! Matsalolin ciki suka ragu da kusan kashi 80 cikin ɗari. Da aka waiwaye su bayan shekara biyu, alamomin galahangar ma sun ragu da kusan rabi.

Abin ya yi daɗin ji, amma yara 18 ne kacal, kuma ba a ware wani rukuni da aka bai wa maganin bogi don kwatantawa ba. Iyayen sun san abin da ake bai wa 'ya'yansu, ita kuwa uwa mai fatan ɗanta ya warke, ko ɗan canji ta gani sai ta ce sauƙi ne.

Sai kuma binciken Ostireliya na 2021 a kan yara 247, wanda ni ya fi gamsar da ni. Su juya maganar suka yi. A cewarsu, yaro mai galahanga sau da yawa mai tsandar abinci ne, kullum abu biyu ko uku yake yarda ya ci, shi ya sa ire-iren ƙwayoyin hanjinsa suka ƙaranta. Wato galahangar ce ta canja hanjin.

Saboda haka idan yaro yana yawan kuka ko dukan kansa, a kai shi a duba cikinsa, domin wanda bai iya magana ba ba zai ce "cikina" ba. Dashen nan kuwa kada wanda ya gwada shi a gida. A 2019 wani majiyyaci ya rasu a Amurka bayan an dasa masa ƙwayar da ba ta jin magani.

Hajiya a baya can, na ga hannunki, bismillah.