Sharhi: Jirgin da ya koma tafiyar hawainiya a Boston

Masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau zai kai mu birnin Boston na ƙasar Amurka, garin da ya fara haƙa wa jirgi hanya a ƙarƙashin ƙasa a duk faɗin ƙasar, tun 1897. Jiragen nan su ke kwaso ma'aikata da ɗalibai daga garuruwan kewaye irin su Quincy da Braintree da Malden, kuma da launi ake kiran layukan: akwai ja, da kore, da shuɗi, da ruwan goro.

A daren 9 ga Maris, 2023, hukumar sufurin yankin, MBTA, ta ba da umarnin cewa kowane jirgi ya rage gudu, kada ya wuce kilomita 16 zuwa 40 a awa, gwargwadon wurin. Kilomita 16 fa! Mai keke ma yana iya wuce shi ya waiwayo. Ma'aikaciyar jinya da ta taso daga Braintree da asuba tana zaune tana duba agogo, jirgi ya baro tasha da ƙarfinsa, sai ta ji ya lafa, yana jan jiki, ba tasha a gaba, ba wani jirgin da ya tare hanya. Fasinja ya yi ta tsaki yana zagin direba, alhali direba umarni yake bi.

Abin da ya jawo wannan shi ne ya fi ba ni mamaki. Masu sa ido na jihar Massachusetts, inda Boston take, sun duba wani sashe na jan layi tsakanin tashoshin Ashmont da Savin Hill, suka ce a kawo takardun da ke nuna an gyara lahanin da na'urar gwajin dogo ta gano. Aka nemi takardu, wasu babu, wasu ba su dace da juna ba. To, wanda bai san inda dogonsa ya lalace ba, dole ya ɗauka ko'ina a lalace yake.

Dogo kuwa ba ya lalacewa dare ɗaya. Katakan da yake kwance a kansu su ruɓe, noti ya kwance, tsakuwar ƙasa ta zaizaye, ƙarfen ya cinye a kwana, tazarar da ke tsakanin ƙarafunan biyu ta ɗan buɗe. Injiniya ya gani, zaɓi biyu ne a gabansa: ya rufe hanya ya gyara, ko ya kafa alamar rage gudu. Na biyun ba ya cin ko sisin hukuma, shi ya sa ake son sa. Fasinja ne ke biya, da minti biyar nan, minti bakwai can, safe da yamma, har ya saba ya daina ƙorafi. Sunan dokar "ta wucin gadi", amma sai ta shekara.

Kuma ba a ce ba a ga alama ba. A Yulin 2022 jirgin layin ruwan goro ya kama da wuta a kan gadar kogin Mystic, fasinjoji suka riƙa fita ta taga, wata mata ta faɗa ruwa. Aka rufe layin kwana 30 cur don gyara, da aka buɗe kuma jama'a suka tarar tafiyar ta ƙara nawa a wasu wuraren.

Gwamnar jihar, Maura Healey, ta ɗauko injiniya Phillip Eng, tsohon shugaban jiragen Long Island na New York, ya kama aiki a Afrilun 2023. Abin da na yaba masa shi ne bai yi wa mutane daɗin baki ba. A Nuwamban shekarar hukumar ta faɗi cewa gyaran duk kayanta zai ci dala biliyan 24.5, ta kuma fitar da jadawalin rufe layuka gunduwa-gunduwa. Reshen Braintree na jan layi kaɗai kwana 24 ya yi a rufe a Satumban 2024, ana jigilar mutane da motocin bas cikin cunkoso. An sha wuya, an yi gunaguni, amma kowa ya san ranar da za a buɗe.

Kafin ƙarshen Disamban 2024 an cire dokar rage gudu a wurare sama da 220, hukumar ta ce rabon da a ga layukan haka ya kai shekara 20. Sai dai dogon da aka gyara jiya yau ma jirgi yake ɗauka, kuma sabon lahani zai fito. Abin da zan sa wa ido shi ne kwana nawa alamar rage gudu za ta yi a kafe kafin leburori su iso wurin da kayan aikinsu.

Sai mun sake saduwa, a huta lafiya.