Su wa ke yin tatu a nan Amurka?

Salamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka. Ina cikin jirgin ƙasa ne zan tafi aiki, ku yi haƙuri da ƙarar. Zafi ya shigo kowa ya ajiye rigar sanyi, hannaye duk a waje, wallahi a taragon nan kaɗai na ƙirga mutum bakwai masu tatu, har da wani dattijo mai furfura da ke karanta jarida can kusa da ƙofa.

Lokacin da na zo ƙasar nan, duk wanda na gani da zane a jiki sai in ce ɗan daba ne ko ɗan ƙwaya, har matsawa nake in ya zauna kusa da ni. Wata mata da muke aiki tare ce ta sauya min tunani. Ta kusa hamsin, ba ruwanta da hayaniya, ko giya ba ta sha, amma a cikin tsintsiyar hannunta akwai ɗan ƙaramin tsuntsu da kwanan wata a ƙasansa. Na daɗe ina gani kafin ranar nan na tambaye ta, sai ta yi shiru ta shafa wurin da yatsa, ta ce ranar da ɗanta ya rasu ce, kuma duk sanda ta zo wanke hannu sai ta tuna da shi. Jikina ya yi sanyi, na rasa ma me zan ce mata.

Ashe ba ita kaɗai ba ce. Cibiyar Pew mai binciken ra'ayoyin jama'a ta yi bincike a 2023, ta gano kashi 32 cikin 100 na manya a Amurka suna da tatu, kuma kashi 69 na masu shi sun ce don tunawa da wani ko girmama wani abu suka yi. Abin da ya fi ba ni mamaki, mata sun fi maza, kashi 38 na mata da kashi 27 na maza. Kuma ba yara ne kan gaba ba, ƴan shekara 30 zuwa 49 ne, kusan rabinsu. Masu ƙaramin ƙarfi ma sun fi masu kuɗi yi nesa ba kusa ba.

Ni dai ban yi ba kuma ba zan yi ba, addinina ya hana, wannan ba ɓoye-ɓoye. Amma na daina yanke wa mutum hukunci daga fatarsa, don nas ɗin da ta ɗebi jinina a asibiti hannunta cike yake da furanni, kuma ban taɓa ganin mai tausayi irinta ba. Ƴan ofis kuwa a kafaɗa ko a baya suke yi inda riga za ta rufe, na fuska da wuya ne har yanzu ke hana wasu samun aiki.

Akwai masu da-na-sani fa, kusan ɗaya cikin huɗu. Allurar tana kai tawadar can ƙarƙashin fatar sama ne shi ya sa ba ta wankuwa, in kana so a cire galibi sai da na'urar haske ta leza, zuwa bayan zuwa, ga zafi ga kashe kuɗi. Akwai wani yaro a wurin aikinmu da ya rubuta sunan budurwarsa a damtse, sun rabu, yanzu wata shida kenan yana zarya kuma har yau ana iya karanta harafin farko.

To ga tasharmu mun iso, bari in sauka.