Tsohon LEGO a Haraj: Abin da Ke Sa Shi Tsada da Abin da Ke Kashe Shi

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da wannan lokaci.

Wannan da kuke gani akuya ce ta roba, tsawonta bai kai na babban yatsa ba. Kamfanin LEGO ya fitar da ita a 2011 cikin saiti guda tak, mai lamba 7189, wani ƙauye mai injin niƙa da mahara suka faɗa wa. Akuya biyu ne a cikin kwalin, kwalin kuma gaba ɗayansa dala 70 ne a kanti. Da aka daina buga saitin sai akuyar ma ta ɓace. Masu gina ƙauyuka da gonaki suka yi ta nema babu, har ta kai ana sayar da guda a sama da dala 50, wajen riyal 190 ke nan. Akuyoyin nan biyu sun fi kwalin da suka zo a ciki tsada.

Yau a kan wannan harka za mu yi magana, tara tsohon bulon wasa da sayar da shi, musamman ga mu da ke zaune a Jidda da Makka da Madina da Riyad.

Tushen abin a garin Billund yake, a ƙasar Denmark. Wani kafinta, Ole Kirk Christiansen, ya fara sassaƙa kayan wasa na katako a 1932. Bulon roba ya zo a 1949, amma na farkon ba ya kama juna sosai. A watan Janairun 1958 ɗansa Godtfred ya yi wa sabon tsari rajista: ƙululu a sama, bututu a ƙasa. Ku juya bulo ku duba cikinsa, waɗannan bututun su ne ke matse ƙululun na ƙasa su riƙe. Daga wannan shekara har yau ba a canza ma'aunin ba, bulon 1958 yana hawa kan wanda aka buga bana ya zauna daram. Shi ya sa ake iya cike saitin da ya shekara talatin da gudan da aka tsinto daga wani buhu dabam, kuma shi ya sa tsohon LEGO yake da kasuwa alhali sauran kayan wasa na roba bola suke ƙarewa.

To me ke sa wani ya yi tsada? Kamfanin ba ya buga saiti har abada. Yawanci shekara biyu ko uku yake yi a kanti, sai a janye shi. Daga nan wanda ya so shi sai dai ya saya a hannun mutane. Café Corner, mai lamba 10182, ya fito a 2007 da guda 2,056 a kan dala 140, shi ne na farko a jerin gine-ginen da ake jona su su yi titi. Duk wanda ya shigo harkar daga baya yana son ya cike titinsa tun daga na farko, ga shi ba a sake bugawa ba, sai kuɗinsa ya ninka sau da yawa.

Amma a nan ne nake so mu tsaya, domin nan ne mutane suke ƙone kuɗinsu. A 2007 ɗin aka fitar da babban jirgin Millennium Falcon na fim ɗin Star Wars, lamba 10179, guda sama da 5,000, a kan dala 500. Bayan an janye shi, wanda ba a buɗe ba ya kai dala dubbai, aka yi ta ba da labarinsa a jaridu. A 2017 kamfanin ya fitar da sabo, lamba 75192, guda 7,541, ya fi tsohon girma da kyau, a kan dala 800. Mai son ya gina jirgin ya ajiye a falo ba shi da sauran dalilin biyan dubbai, kuɗin tsohon ya sauko. A wannan shekarar dai aka dawo da saitin ginin Taj Mahal na 2008, kusan ba tare da canji ba, an dai ƙara guda ɗaya a kan 5,922 da yake da su. Ita ma akuyar an dawo da ita a 2024. Wanda ya tara su yana jiran su ƙara tashi, ranar nan bai yi barci mai daɗi ba.

Za ku ji ana cewa LEGO ya fi zinare riba. Maganar ta samo asali ne daga wani bincike da Victoria Dobrynskaya ta jami'ar HSE da ke Mosko ta yi da abokiyar aikinta, inda suka duba saiti 2,322 daga 1987 zuwa 2015, suka samu matsakaicin ƙarin kashi 11 cikin 100 a shekara. Binciken gaskiya ne. Sai dai a kan kwalayen da ba a buɗe ba aka yi shi, kuma a cikinsa akwai saitukan da darajarsu ta faɗi warwas. Ƙari a kan haka, zinare ba wanda zai tashi gobe ya ce ya buga sabo. LEGO kuwa injin yana hannun kamfani. Ni a ganina, kada mutum ya ɗauki kuɗin haya ko na makarantar yara ya zuba a kwalaye ya jera a sito. Abin da ke hannunka shi ne cikar saitin da lafiyarsa, a nan ya kamata ka sa ƙarfinka.

Mu a nan Allah ya ba mu hanya mai sauƙi. Ƙasa ce ta masu zuwa da tafiya. Iyali sun zauna shekara goma, aiki ya ƙare, an buga musu huruj, wato bizar barin ƙasa gaba ɗaya, ba za su biya kuɗin kaya don kwandon wasan yara ba. Sai ka gan shi a manhajar Haraj ta saye da sayarwa, ko a Haraj bin Ƙasim a Riyad, ko a kasuwar Sawarik a kudancin Jidda, an juye saiti bakwai ko goma a leda ɗaya, ana cewa kawo abin da ya sauwaƙa. A cikin irin wannan leda ribar take, a cikinta kuma asarar take.

Kafin ka biya, ka tsuguna ka sa hannu, yadda mai sayen rago yake buɗe baki ya duba haƙori. Ɗebo daga ƙasan ledar, ba daga sama ba. Ku dubi wannan da kyamara ta matso: a kan kowane ƙululu an rubuta LEGO, ƙanana ƙwarai amma a fili. Wannan na gefensa kansa sumul ne, ba rubutu, to ba na kamfanin ba ne. Haɗa guda biyu ka raba. Na gaske yana kamawa da ƙarfi daidai ya kuma saki ba da kokawa ba, na jabu ko dai ya yi sako-sako ko ya ƙi rabuwa sai da farce. Jabun yana da yawa. Wani kamfani a Sin mai suna Lepin ya shekara da shekaru yana kwaikwayon saituka har da zanen kwali, sai a 2019 'yan sanda suka rufe masana'antarsa, a 2020 kotu a Shanghai ta ɗaure shugabansa shekara 6. Kayansu dai suna nan suna yawo a hannun mutane, kuma sau da yawa mai sayarwa ma bai sani ba, don haka ba abin faɗa ba ne, ka dai rage kuɗi ko ka wuce. Araha ba ta ado.

Daga nan sai 'yan mutanen roban nan da ke zuwa cikin saiti, waɗanda aka fara yi a 1978. Sau da yawa rabin darajar saiti tana jikinsu, musamman na Star Wars da aka fara a 1999. Ɗaga hannun kowane ka duba gefen ƙirji, nan ne yake tsagewa, da bayan diddige. Duba shatin haƙori, domin yara da baki suke raba bulo. Na san akwai 'yan uwa da zuciyarsu ba ta natsu da ajiye masu siffar mutum ba. Wannan tambaya ce ta malamai, kuma wanda ya bar su bai rasa harkar ba: akwai jerin Architecture na shahararrun gine-gine, irin su Burj Khalifa na 2011, akwai motocin Technic, akwai Taj Mahal ɗin da na ambata.

Ka kawo leda gida, yanzu aikin ya fara, kuma ni a nan daɗin yake. Yaya za ka gane saitin da ke ciki? Idan akwai littafin haɗi, lamba tana bangonsa. Idan babu, nemi guda mai sitika ko mai zane. Sau da yawa lambar da ke jikin mota ko jirgi ita ce lambar saitin. Yawancin gudajen kuma suna da tasu lambar a ciki, sai ka haska da fitilar waya. Ka shiga BrickLink, kasuwar intanet ta kayan LEGO da Dan Jezek ya kafa a 2000, wadda LEGO ta saya a 2019, ka rubuta lambar, zai nuna maka duk saitin da gudan ya taɓa fitowa a ciki, da jerin kayan kowane saiti, da kuɗin da aka sayar da shi a watanni shida da suka wuce. Wannan na ƙarshe shi za ka duba, ba kuɗin da mutane suke nema ba. Littattafan haɗi da yawa kuma suna shafin kamfanin kyauta.

In za ka ware, ka ware da siffa, kada ka ware da launi. Nemo ƙaramin ja a cikin tulin jajaye wahala ce, nemo ja a cikin masu siffa ɗaya kuwa ido ɗaya ne. Sannan a kula da ruwan toka. Wajen 2004 kamfanin ya canza shi: tsohon yana ɗan karkata zuwa rawaya, sabon yana karkata zuwa shuɗi. Ga su nan gefe da gefe. Da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki ba za ka bambance ba, da rana a bakin taga za ka gani. In ka cike saitin gidan sarauta na 1990 da sabon ruwan toka, wanda ya san abin da kallo ɗaya zai gane.

Sai babbar matsalarmu, zafi. Tun 1963 ana yin bulon da robar da ake kira ABS, mai ƙarfi ce, amma rana tana cin ta. Fari da ruwan toka da shuɗi su ne suke fara komawa rawaya, kuma ba sai an shanya su a waje ba, hasken da ke shigowa ta taga ya isa. Ku dubi wannan farin bango: gefen da ya kalli taga ya zama kamar haƙorin mai cin goro, gefen da ya kalli ɗaki yana nan fes. Ɗakin saman bene da ba mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, but ɗin mota da azahar, sito mai rufin kwano, duk ba wurin ajiya ba ne. Sitika tana bushewa ta naɗe, tayoyi suna yin danƙo, salatif ɗin da ya rufe kwali yana saki, kuma kwalin da bakinsa ya buɗe ya tashi daga sabo ko da ba a taɓa cikinsa ba. A Jidda ga laima, tana sa kwali ya yi laushi ya yi tabo, littafi ya manne. A Riyad ƙura ce take shiga tsakanin ƙululu. Ka ajiye a ɗakin da ake kwana, nesa da taga, a akwatin roba mai murfi, littattafai a kwance cikin leda.

Launin ƙasa-ƙasa da ja mai duhu na wasu shekaru suna da saurin karyewa, kamfanin da kansa ya amsa haka a 2018. In kana warware tsohon saiti mai irin waɗannan, ka bi a hankali.

Wanki da hannu ake yi, da ɗan sabulun kwanuka da burushi mai laushi, ruwan kada ya wuce digiri 40. Wannan shawarar kamfanin ce, kuma ku tuna da rani ruwan da ke saukowa daga tankin sama yana iya wuce haka, sai a tara a bari ya huce. A shanya a inuwa kan tawul. Mai sitika da mai batir kada su taɓa ruwa. Akwai masu jiƙa wanda ya yi rawaya a ruwan haidurojin feroksaid ya koma fari. Yana yi, amma sau da yawa rawayar tana dawowa, don haka in ka yi wa kaya haka, ka gaya wa mai saye.

Haka ma sauran aibi. Ka gina saitin, ka ɗauki hoto da rana, ka rubuta lambarsa, ka faɗi guda nawa suka ɓata, wanne ka musanya, wane ɗan mutum ne ya tsage. Addininmu ya hana ɓoye aibin kaya, kuma masu wannan harka a ƙasar nan ba su da yawa, kusan duk sun san juna.

Kafin ka yi odar gudan da ya ɓata daga Turai, yi lissafi. Guda na rabin riyal zai iya jawo maka kuɗin aike na riyal gommai, ga harajin kashi 15 cikin 100 da ake karɓa tun Yulin 2020. Ka tara buƙatun saiti uku ko huɗu ka saya a shago ɗaya, ko ku haɗu da 'yan uwa ku yi oda tare. In kuma da iƙama, wato takardar izinin zama ta baƙo, kake zaune, sayar da kayan gidanka da ka gama da su dabam, mayar da abin sana'ar saye da sayarwa dabam. Na biyun yana buƙatar lasisi, kuma dokar tasattur, wato baƙo ya yi kasuwanci a ɓoye da sunan ɗan ƙasa, ba a wasa da ita, sai ka bincika matsayinka kafin ka faɗaɗa.

A bidiyo na gaba za mu juye leda guda a kan tabarma mu ware ta tare, daga wanki har gano lambobi. Sai mun haɗu, a gaida gida.