Yadda shugaban Amurka ya koma zuwa majalisa da ƙafarsa

To jama'a, abu uku zan taɓa in Allah ya yarda, a kan jawabin shekara-shekara da shugaban Amurka ke yi wa majalisa. Na farko, tsarin mulkin Amurka bai ce lallai shugaba ya je majalisa da kansa ba, cewa kawai ya yi lokaci zuwa lokaci ya riƙa sanar da su halin da ƙasa ke ciki. George Washington, shugabansu na farko, dai ya je a 1790, a New York, lokacin ko birnin Washington ba a gina ba.

Amma ni fa mutumina Jefferson ne, shugabansu na uku. Da ya hau a 1801 ya ce shi ba za shi ba, wai abin ya yi kama da sarkin Ingila a kan karaga yana karanta wa majalisa jawabi, alhali jiya-jiya suka gama yaƙi da sarkin nan. Sai ya rubuta ya ba sakatarensa ya kai, akawun majalisa ya karanta. To amma tsakanina da ku, masana tarihi da yawa na cewa bawan Allah nan gwanin alƙalami ne amma in aka sa shi a gaban taro muryarsa ba ta fita. Na baya kuna ji na? Yauwa, kar a ce nima Jefferson ne (dariya). Shekara 112 fa ana aika takarda! Har Lincoln, duk iya zancensa, ana tsakiyar yaƙin basasa takarda ya aika. Takarda! Sai a 1913 Woodrow Wilson ya taka ya je, wasu sanatoci suna ta gunaguni wai sarauta ta dawo.

Na huɗu... au na biyu ko? An dai fara watsa jawabin a rediyo 1923 zamanin shugaba Coolidge, talbijin 1947 zamanin Truman, sai Johnson a 1965 ya maida abin da daddare don mutane sun dawo daga aiki. Daga nan 'yan majalisa suka zama 'yan tafi, da masu kallo a gida ake magana.

Na'am malam? Yana tambaya mu a Najeriya fa. Mu ranar gabatar da kasafin kuɗi ce shugaba ke tsayawa gaban majalisun biyu, kuma ba kullum ake tafi ba, ka tuna Disambar 2018 da Buhari ke karantawa wasu na tafi wasu na masa ihu. Na ukun sai mako mai zuwa, an kira sallah.