Bawul mai lanƙwasa a tayar moto: wanne za a saya, yaya za a ɗaura shi

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi ƙafar moto da kyau. Sau da yawa bawul ɗinta, wato bakin da ake ba taya iska, a miƙe yake, bakinsa na kallon tsakiyar ƙafa, faifan birki ya tare nan, sarƙa ta tare can. Idan mai faci ya zo ba da iska, sai ya tanƙwara bawul ɗin da ƙarfi kafin bakin tiyo ya shiga. Yau a tanƙwara, gobe a tanƙwara, wata rana robar gindinsa ta tsage, taya ta sace a hanyar Dakoro inda babu mai faci kusa. Wannan ne dalilin da ya sa aka yi bawul mai lanƙwasa, wanda bakinsa ke fitowa gefe. An fi buƙatarsa a ƙananan motoci masu ƙafa inci 10 ko 12, da manya masu faifan birki biyu a gaba.

Kafin ku je kasuwa, ku karanta jikin tayar. Idan an rubuta TUBE TYPE, akwai tub a ciki, kuma bawul a jikin tub ɗin yake manne, ba a canza shi shi kaɗai. Kusan duk ƙafa mai wayoyi haka take. Mai son lanƙwasa a nan sai ya sayi tub ɗin da ya zo da ita daga masana'anta, irin mai lamba TR87. Kada wanda ya sa filaya ya lanƙwasa miƙaƙƙe, zai fasa shi ne kawai. Abin da zai biyo baya kuwa na tayar da aka rubuta wa TUBELESS ne, wadda bawul ɗinta ke zaune a ramin janti, wato ƙarfen ƙafar da taya ke zagaye da shi.

Ramin nan shi ne farkon magana. Girma biyu aka fi samu a motoci: milimita 8.3 da milimita 11.3. Yawancin na Japan, irin Honda da Yamaha da Suzuki, babban rami gare su, wasu na Turai kamar Ducati kuma ƙarami. Motocin Sin da na Indiya da suka cika titunan Maradi kuwa, kada ku yi musu kintace, ku auna. Idan an cire tsohon bawul, ku ɗauki ƙusa mai kaurin milimita 10 ku gwada. Ta shige, ramin babba ne. Ta ƙi, ƙarami ne. Ƙaramin bawul a babban rami zai riƙa yoyo, ko da an matse shi iya matsewa, domin robar da ke toshe iska ba ta sami inda za ta zauna ba. Kuma don Allah kada a faɗaɗa ramin janti da injin huji don babban bawul ya shiga.

Sai batun jikin bawul ɗin, kuma nan ne ake yin asara. Iri biyu ne: mai gindin roba wanda ake jawowa ya maƙale a rami, da na ƙarfe zalla mai noti. Idan ƙafa na juyawa da gudu, duk abin da ke jikinta ana tura shi waje. Miƙaƙƙen bawul a kan layin wannan turin yake, ba ya damuwa sosai. Mai lanƙwasa kuwa kansa ya fito gefe, saboda haka turin na danna shi yana murɗa gindin. Haka kuma duk lokacin da aka danna tiyon iska a bakinsa. Idan gindin roba ne, robar ce ke shan wannan wahalar. Ku haɗa da zafin watan Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, da kwalta mai ƙuna, za ku ga robar ta bushe ta yi tsaga-tsaga da wuri. Shi ya sa Honda ta sa wa irin wannan bawul ɗin wani ɗan matallafi na roba mai tauri a babban motonta Gold Wing. Ga mai kabu-kabu, ko mai bin hanyar Tasawa ko Ɗan Isa kullum da kaya, na ƙarfe mai noti ya fi, kuma gajere ya fi dogo. Mai gindin roba ya isa ƙaramin moton zagayen gari, da sharaɗin a canza shi duk lokacin da aka canza taya.

Lanƙwasar kanta akwai digiri 45, akwai 83, akwai 90. Wadda ta ba tiyo hanya ba tare da ta kusanci birki ba, ita ce taku.

Wajen ɗaurawa, a sassauta gefe ɗaya na tayar daga janti, a yanke tsohon bawul, a goge ramin ciki da waje har yashi da tsatsa su fita, don ƙwayar rairayi ɗaya ƙarƙashin robar ta isa ta jawo yoyo. A juya bakin bawul zuwa dama. Moto na jingina ne a hagu, saboda haka ɓangaren dama ne ke ɗagowa ya ba hannu wuri. Notin bawul ba irin notin ƙafar moto ba ne, ƙarfi kaɗan yake so. Da yawa daga cikin waɗannan bawuloli na alminiyam ne, idan an zafafa matsi zaren ya lalace ko robar ta murtsuke. In kwalin ya faɗi ƙarfin matsi, a bi shi. Kafin a hau, a ɗaga ƙafar a juya ta da hannu a tabbatar bawul bai taɓa abin da ke matse faifan birki ba, har da murfinsa a kai.

Daga nan a ba da iska daidai da abin da aka rubuta a takardar da ke manne kusa da sarƙa ko a littafin moton, taya na sanyi. A shafa ruwan sabulu a gindin bawul da bakinsa. Kumfa a gindi, zama ne bai yi ba. Kumfa a baki, allurar ciki ce ta yi sako-sako ko ta ɗauki ƙura. Idan za a ba da iska nan gaba, a tallafe bayan bawul da yatsa.

Murfi ba ado ba ne a garin da hunturu ke cika ko'ina da ƙura. A nemi mai 'yar roba a ciki. Murfin tagulla a kan bawul na alminiyam yakan ci ya maƙale bayan damina, na roba ya fi aminci, kuma a guji manyan murafan ƙawa masu nauyi, suna ƙara wa gindin wahala.

Akwai kuma ɗan gwiwar da ake murɗawa a kan miƙaƙƙen bawul don tiyo ya shiga. Na ba da iska ne kawai. Ana gamawa a kwance shi a sa a aljihu, kada a tashi moto yana jiki.