Jawabin Maraba ga Mai Girma Minista daga Kwamitin Tsofaffin Ma'aikatan Masaƙa

Mai girma Minista, ranka ya daɗe, barka da sauka. Aikinku ya riga ku isowa, don haka ba za mu tsawaita yabo ba. Buƙatarmu ɗaya ce, za mu faɗe ta tun yanzu: a ceto hasumiyar ƙarfen da kuka wuce a bakin hanya kafin damina ta kayar da ita.

Masaƙa ce ta haifi garin nan. Da ƙarar jiniyarta muke sanin lokaci, da albashinta muka yi aure, muka sa yara makaranta. Da aka rufe ta, aka kwashe injuna aka sayar a kan sikeli kamar ba su taɓa ciyar da kowa ba, kuma babu wanda ya nemi shawararmu. Ɗan abin da ya tsira, wato manyan ƙafafun inji da sandunan ƙarfe da ƙoshiyoyin saƙa, shi masu waldarmu suka harhaɗa suka tayar da wannan hasumiya da kuɗin karo-karo. Duk mai tattaki da yamma sai ya bi ta gabanta. Za ku ga dattijo ya tsaya ya ɗora hannun jikansa a kan haƙoran ƙafar inji, yana nuna masa inda zare ke bi.

Wasu ƙasashe sun san darajar irin wannan. A Gateshead ta Ingila, a 1998 aka kafa sassaƙen ƙarfe mai fukafukai, tsayinsa mita 20, a kan filin tsohuwar mahaƙar kwal. A Essen ta Jamus, mahaƙar Zollverein ta daina aiki a 1986, amma ba a yanka ta an sayar ba, har UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2001. Guminmu bai fi nasu arha ba.

Ranka ya daɗe, ƙarfen Gateshead na musamman ne, tsatsar da ke samansa ita ke kare cikinsa. Namu ƙarfen inji ne, tsatsa cinye shi take yi. Ruwa na kwanciya a gindin hasumiyar, waldar ƙasa ta tsage har yatsa na shiga, ga masu satar ƙarfe sun kwance notuna da dare. Mun rubuta takardu, shiru kake ji.

Muna roƙo a turo injiniya ya duba gindin, a kankare tsatsa, a sake walda, a shafa fenti mai hana tsatsa, a yi magudanar ruwa. Fitila da allon tarihin masaƙar za su iya jira, gindin ne ba zai jira ba. Masu waldar da suka haɗa ta suna nan zaune a sahun gaba, a shirye suke su yi aikin da hannunsu. Idan kun yarda, da an tashi daga nan mu taka tare ku ga tsagar da idonku.